Maganin Gona da Ruwan Famfon Kano

A makon jiya na raka wani ɗan'uwana gonarsa ta noman rani a yankin Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta manyan magudanai yana shayar da shinkafa da tumatir. Muna tsaye a kan kunya sai ga wani saurayi ya sauke tankin feshi daga bayansa, ya tsoma shi cikin magudanar, ya girgiza, sannan ya juye farin ruwan a inda ya ɗebo shi. Na ce masa, "Samari, ba ka tsoron mutane su sha?" Ya yi murmushi, ya ce, "Baba, ai ruwa mai gudu ba ya ƙazanta."

Amsar tasa ta tuna mini da abin da ya faru a Ingila, ƙasar da damshi ya yi wa yawa, har wani nau'in dodon koɗi marar kwanso ke cinye alkama da zarar ta tsiro. A da, manoman can sun daɗe suna watsa ƙwayoyin wani magani mai suna metaldihaid domin kashe shi, kuma idan aka yi ruwan sama sai maganin ya narke, ya bi lambatun gonaki ya faɗa koguna. Dokarsu ba ta yarda wani maganin ƙwari ya wuce maikurogiram 0.1 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha ba, wato giram ɗaya tak a cikin lita miliyan 10. Abin da ya ɗaure wa kamfanonin ruwa kai shi ne, gawayin da suke tace sauran magunguna da shi bai iya riƙe wannan yadda ya kamata ba, sai ya wuce abinsa zuwa famfo.

Da matatar ruwa ta gaza, sai aka koma wurin manomi. Aka shawarce shi da kada ya bari ƙwaya ta faɗi ƙasa da mita 10 daga bakin ruwa, kuma kada ya watsa idan ana sa ran mamakon ruwa. Wasu kamfanonin ruwa ma har kuɗi suka riƙa biyan manoma domin su koma amfani da wani maganin dodon koɗin mai suna ferik fosfet. A ƙarshe, daga ƙarshen watan Maris na 2022 aka haramta watsa metaldihaid a fili a Birtaniya, ko da yake dalilin da gwamnati ta gabatar shi ne haɗarinsa ga tsuntsaye da ƙananan dabbobi irin su bushiya.

Wannan dodon koɗi ba ya cikin manyan abokan gabar manomin Kano, domin zafinmu ba ya ƙyale shi, amma maganin ciyawa da na tsutsa da muke fesawa hanya ɗaya suke bi zuwa ruwa. Matatar ruwan famfo ta Tamburawa daga Kogin Kano take ɗiba, kuma alam da kulorin an tanade su ne domin kwantar da laka da kashe ƙwayoyin cuta, ba domin cire dafin da ya riga ya narke ba. A ganina, malamin gona ɗaya da zai zaga gonakin rani na Kadawa yana nuna wa masu feshi su ɗauraye tanki a cikin gonar da suka fesa, nesa da magudana, zai yi aikin da injin miliyoyin naira ba lallai ya iya ba.

Kafin mu bar gonar na ga kwalbar maganin da saurayin ya yar tana yawo a kan ruwan, ɗan'uwana ya sa sanda ya janyo ta, muka jefa ta a bayan mota.