Abin da na koya wajen gasa burodin da babu alkama a cikinsa

Tun da likita ya tabbatar mana cewa ɗiyata tana da cutar siliyak, wadda ke sa hanjin mutum ya lalace idan ya ci gulutin, burodin shago ya fita daga gidanmu, haka ma taliya da alkubus da funkaso da tuwon semo. Gulutin sinadarin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir, kuma shi ne ke ba kwaɓin fulawa danƙon da yake riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya kumbura. Tuwo bai zame mana matsala ba, domin gero da dawa da masara da shinkafa da acca duk ba su da shi. Burodin karin kumallo ne ya gagara, shi ya sa na ɗauki aniyar yin sa da hannuna.

Abin da na fara ganewa shi ne gari guda ɗaya ba ya yin burodi. Garin shinkafa zalla yana bushewa ya riƙa marmashewa, na dawa zalla kuma yana yin nauyi. Haɗin da ya zauna mini shi ne giram 200 na farar dawa, giram 150 na shinkafa, da giram 150 na sitacin rogo, wanda ake ci nake nufi, ba na sa wa tufafi ba. Da sikeli nake aunawa, saboda gwangwani ɗaya na sitaci da gwangwani ɗaya na dawa nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Amma ainihin aikin yana wajen samun abin da zai tsaya a madadin danƙon alkama, kuma a nan ne na ga cewa iyayenmu mata sun daɗe da sanin dabarar. Mai ɗanwake tana zuba kuka domin kwaɓin ya kama jikinsa, mai waina kuma tana haɗa dafaffiyar shinkafa a cikin ƙullinta domin ta yi taushi. Na gwada kuka, ta riƙe kwaɓin, sai dai ta mayar da burodin kore kuma ɗanɗanonta ya rinjayi komai. Garin busasshiyar kuɓewa ya fi ta ladabi, amma riƙonsa bai kai ba. Abin da ya fi su duka shi ne ɓawon siliyam, wato ɓawon ƙwayar irin wani tsiro, wanda ake samu a wasu kantunan magani da shagunan Indiyawa da sunan isabgol. Giram 20 nake jiƙawa a ruwan ɗumi mililita 480, cikin 'yan mintoci ya yi kauri da yauƙi, sannan in haɗa shi da garin, da yis giram 7, da gishiri, da ɗan sukari da mai. Yana da tsada, amma a ganina ya fi a yi ta asarar gari.

Kwaɓin ya fi na fulawa ruwa sosai, kuma wanda ya saba da burodin alkama hannunsa zai riƙa kai wa ga ƙarin gari, alhali wannan ƙarin ne ke sa burodin ya fito kamar tubali. Ba a buƙatar doguwar murza, tunda babu gulutin ɗin da ake son tayarwa. Ina juyawa har ya haɗe, in zuba a gwangwanin gashi, in bar shi ya tashi sau ɗaya kawai. A zafin bazara kuwa sai an tsaya a kansa, domin idan ya wuce kima tsakiyarsa tana faɗawa a cikin wuta.

Ina gasa shi kimanin awa guda a zafin digiri 200, kuma ranar da babu gas, tukunya mai yashi a ƙasa bisa gawayi tana yi, in dai ƙananan curi ne. Bayan an sauke, dole ne a bar shi ya huce sarai kafin a sa masa wuƙa, in ba haka ba cikinsa zai yi cauɗi ko da ya gasu.

Batun da ya fi tayar mini da hankali shi ne injin niƙa. Ƙa'idar duniya ba ta yarda a kira abinci marar gulutin ba sai gulutin ɗin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba, injin unguwa kuwa yanzu ya niƙa alkamar wani, an jima ya niƙa dawarki. Saboda haka na sayi ƙaramin injin gida, na kuma ware rariya da muciya da gwangwanaye waɗanda fulawa ba ta taɓa su. Da yake burodin yana saurin bushewa, kuma wutar lantarki ba abin dogaro ba ce balle a ajiye shi a firiza, wanda za a cinye cikin kwana biyu kawai nake gasawa.