Ɗakin da aka wanke kafin mu iso

Cikin hunturu ne, sanyin Jos na ratsa ƙashi, aka kira mu, mu masu binciken laifi, wani gida a bayan Farin Gada. An daɓa wa magidanci wuƙa cikin dare. Ko da muka isa, tsakar gida ta cika maƙil da 'yan gaisuwa, ɗakin kuma sai warin omo da bilic. An wanke shi tas.

Raina ya ɓaci har fuskata ta nuna. Mahaifiyar mamacin ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, so kake jikokina su tashi su tarar da jinin ubansu a ƙasa?" Na durƙusa na ce, "Allah ya jiƙansa, Inna, ya ba ku haƙuri." Me zan ƙara? Tausayi ne ya sa ta wanke, kuma a aikinmu tausayin dangi ya fi dabarar mai laifi shafe shaida.

Na rufe ɗakin da kwaɗo ina tuna abin da aka koya mana a wurin horo game da Edmond Locard, Bafaranshen da ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a birnin Liyon a 1910. Shi ya ce duk inda abu biyu suka haɗu, kowanne sai ya bar wa ɗan'uwansa alama. Simintin ɗakin nan duk tsaga ne, ruwa kuwa tura jini yake cikin tsaga, ba fitar da shi ba.

Sai daren washegari muka dawo da luminol, ruwan maganin da ke haske shuɗi idan ya haɗu da ƙarfen da ke cikin jini. Jiran dole ne, domin bilic ma yana sa shi haske, gara a bari ya bushe ya sha iska. Muka toshe taga da bargo, muka kashe tocila, na fesa. Ƙasan ɗakin ya ɗauki haske, ga sawun tsumman da aka yi guga da shi baro-baro. Hasken bai wuce rabin minti, don haka mai kyamara ya riga ya kafa ta yana jira.

Ba ɗakin ne ya ba mu amsa ba. Wani ɗan lungu ne da ke kaiwa bayan gida, wanda babu wanda ya wanke saboda ido bai ga komai a wurin ba. Ina fesawa sai ga tafin ƙafa, yatsu biyar cif, babu takalmi. Mutanen gida sun ce ɓarawo ne ya shigo ta zaure. To wane ɓarawo ne zai ratso sanyin Jos cikin dare ƙafa ba takalmi, ya kuma san lungun da baƙo bai sani ba? Daga nan bincike ya juyo cikin gida.

A bayan tulin itace muka tsinci wata riga mai danshi. Na goga auduga a jikinta, na ɗiga maganin gwaji, nan take ta koma ruwan hoda, alamar akwai jini. A nan na tafka kuskuren da har yau yake cin raina. Ambulan ɗinmu na takarda sun ƙare, sai na cusa rigar cikin leda na ɗaure. Na san ƙa'ida sarai: abu mai danshi shanya shi ake a inuwa, sannan a sa a takarda don ya riƙa shan iska. Gajiya da sauri suka ci ni. Kafin ta kai ɗakin gwaji ta yi fumfuna, ƙwayar halittar da za ta nuna jinin wane ne ta lalace.

Da hoton sawun nan da bayanan shaidu aka kai magana kotu. Yanzu damin ambulan ba ya rabuwa da jakata, kuma duk mai unguwar da na zauna da shi roƙona ɗaya ne: a rufe ɗaki, a fitar da yara, kada a taɓa ruwa sai mun zo.

Inna ta zo ofis sau biyu tana tambayar inda aka kwana. Duk zuwan na ba ta kujera, na gaya mata komai, amma na kasa gaya mata cewa a hannuna rigar ta lalace.