Sanin asali yana kare matashi daga zafin wariya? Ya danganta da inda ya tsaya

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu ba iyaye shawara, wai yaron da ya san asalinsa kuma yake alfahari da shi, wariyar launin fata ba ta yi masa illa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabi ce. Masana halayyar ɗan adam, galibinsu a Amurka, sun fi shekara talatin suna auna wannan abu a tsakanin matasa baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka da 'yan asalin Asiya, kuma abin da suka samu bai zo a miƙe haka ba.

Ita illar kanta babu jayayya a kanta. A 2018 Aprile Benner da abokan aikinta sun tattara bincike 214 da suka shafi matasa 91,338. Matashin da ya fi cin karo da wariya shi ya fi nuna alamun ciwon damuwa, ya fi raina kansa, makinsa a makaranta ya fi yin ƙasa, ya kuma fi saurin faɗawa shaye-shaye.

To ta yaya ake auna wariyar? Ma'aunin da aka fi sani shi ne na David Williams, wanda ya fito a 1997 daga wani bincike a birnin Detroit. Tambayoyi tara ne, duk a kan ƙananan abubuwa na yau da kullum: sau nawa ake yi maka rashin ladabi fiye da yadda ake yi wa wasu, sau nawa mai kanti yake yi maka hidimar ganin dama, sau nawa mutane suke nuna kamar ba ka da basira, ko suna tsoronka, ko suna zarginka da rashin gaskiya, har zuwa zagi da barazana. Amsa tana tashi daga “bai taɓa faruwa ba” zuwa “kusan kullum”. Sai a ƙarshe a tambayi mutum me yake ganin ya jawo.

Kuskure na farko shi ne a ɗauki wannan takarda yadda take a miƙa wa ɗan shekara 13. Don manya aka tsara ta. Duniyar yaro aji ce da filin wasa: malamin da ba ya kiransa ko ya ɗaga hannu, hukuncin da ya fi na abokin zamansa tsanani a kan laifi iri ɗaya, 'yan ajin da ba sa zaɓarsa idan ana raba ƙungiya. Shi ya sa masu bincike a kan matasa suke raba tambayoyin gida biyu, abin da ya fito daga manya da abin da ya fito daga tsara. Kuskure na biyu shi ne a yi awo sau ɗaya a yanke hukunci. Yaron da damuwa ta riga ta kama yana iya fi tuna munanan abubuwa, sai a rasa wanne ne ya haifi wanne. Maganinsa bin yaran nan shekara da shekaru, ko a sa su cika gajeriyar takarda kowane dare na tsawon mako biyu. Da irin wannan hanya ta biyu Tiffany Yip ta nuna cewa ranar da matashi ya gamu da wariya, barcinsa na daren yakan dagule.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen auna “sanin asali”. Jean Phinney ta fitar da ma'auninta mai suna MEIM a 1992, aka taƙaita shi zuwa tambayoyi shida a 2007. Uku suna auna nema: ka ba da lokaci wajen binciken tarihi da al'adun mutanenka, ka yi wasu abubuwa don ka ƙara fahimtar inda ka fito, ka tattauna da wasu a kai. Sauran ukun suna auna riƙo: kana jin kai ɗan cikinsu ne, ka fahimci abin da hakan yake nufi a gare ka, zuciyarka tana tare da su. Masu bincike da yawa sai su yi wa shidan kuɗin goro su fitar da maki ɗaya. A ganina nan ne aka daɗe ana ɓata lissafi, domin sassan biyu ba hanya ɗaya suke ja ba. Da Yip da abokan aikinta suka haɗa binciken da aka yi a kai a 2019, sun ga riƙo yana rage illar wariya, nema kuwa yana ƙara ta.

Bayanin da ya fi kama hankali shi ne, mai nema yana tsakiyar tambayar kansa ko shi wane ne, idonsa a buɗe yake ga duk abin da ya taɓa launinsa, kuma bai riga ya samu amsar da zai jingina da ita ba. Zagin da ya same shi a wannan lokaci kai tsaye yake shiga cikin lissafinsa. Wanda ya riga ya natsu da asalinsa kuwa ya fi iya ajiye zagin a wurin mai zagin. Ba wai nema laifi ba ne, ai ta nan ake bi a isa ga natsuwar. Haɗarin shi ne a bar yaro shi kaɗai a tsakiyar hanya.

Robert Sellers ya ƙara tsaga abin ta wata fuska. Ya raba yadda mutum yake kallon mutanensa da yadda yake zaton wasu suna kallonsu. A binciken da ya buga da abokan aikinsa a 2006, matasa baƙar fata da suka ɗauka cewa sauran jama'a ba sa ganin mutanensu da ƙima sun fi ba da labarin wariya, amma kuma ta fi yi musu sauƙi. Wato abin da ka sa ran zuwansa ba ya girgiza ka kamar wanda ya zo ba zato.

Wannan ya kai mu ga abin da iyaye suke faɗa a gida. Diane Hughes da abokan aikinta sun kasa shi huɗu a 2006: koyar da tarihi da al'ada, shirya yaro ga wariyar da zai iya gamuwa da ita, cusa masa rashin yarda da wasu jinsi, da nuna masa cewa kowa ɗaya ne. Na farko shi ne amfaninsa ya fi tabbata. Na uku ya fi tafiya da mummunan sakamako. Na biyun ne mai wuyar sha'ani, sakamakonsa yakan zo a gauraye. Gargaɗi tsurarsa, irin “za su raina ka, ka yi hattara”, tsoro kawai yake bar wa yaro. Ya fi amfani idan ya zo bayan an gina masa alfahari da asalinsa, kuma ya zo da abin yi: me zai ce a take, wane babba zai kai wa ƙara a makaranta, yaushe ya fi kyau ya bar wurin, ya rubuta rana da abin da aka faɗa tun bai manta ba.

A ɓangaren makaranta, gwajin da ya fi tsari shi ne na Adriana Umaña-Taylor a jihar Arizona. Darasi takwas ne, ɗaya a mako, kowanne minti 55, ga ɗalibai masu kimanin shekara 15, kuma duk ajin ne, har da farar fata. Suna zana taswirar danginsu, su ɗauko hotunan abubuwan da ke nuna al'adarsu, su tattauna kuɗin goron da ake yi wa mutane. An raba azuzuwa ta hanyar ƙuri'a, wasu suka samu wannan darasi, wasu suka samu wani daban a kan karatu da sana'a bayan sakandare. Canjin ya zo daki-daki. Nema ne ya fara ƙaruwa, natsuwa ta biyo baya da 'yan makonni, sai bayan kimanin shekara guda aka ga ƙarin ganin ƙimar kai da raguwar alamun damuwa ta wannan hanya. Makarantar da ta auna ɗalibanta a makon da aka rufe darasi za ta iya cewa shirin bai yi komai ba, alhali awon ne ya zo da wuri.