Yadda na cinye tiredin fulogi da hannuna a hanyar Dadin Kowa

Har yau idan na ɗaga bonet ɗin Hilux ɗina, kan fulogi na uku idona yake fara sauka. Da makanike ne ya ɓata shi, ko yaron mota, da tuni na yi faɗana na huce. To ni ne da hannuna, babu wanda zan ɗora wa.

Ranar na taso daga Dadin Kowa da buhunan shinkafa, ana jirana a Tudun Hatsi kafin la'asar. Mota ta fara fizga. Ina da sababbin fulogai huɗu a ƙarƙashin kujera, sai na gangara gefen titi na ce aikin minti goma ne. Inji kuwa zafi kamar kaskon suya. Biyu suka shiga lafiya. Da na zo na uku, yatsuna sun gaji da ƙuna, ramin ga zurfi, sai na cusa fulogin a boks na kama hannun sifana tun daga zagayen farko. A zagaye na biyu na ji ya cije. Na ce datti ne, na ƙara ƙarfi. Ya cije, na danna, ya cije, na danna, can sai ya saki gaba ɗaya, yana juyawa kamar cokali a cikin koko. Tiredin ramin, wato haƙoran da ke riƙe fulogi, ya cinye.

Tof silinda, wato murfin saman inji, na injin 3RZ da ke motata alminiyam ne, fulogi kuwa ƙarfe. Idan suka haɗu a karkace, alminiyam ne ke shan kashi, balle yana da zafi. Na san wannan tun ina yaron mota. Gaggawa ce kawai ta rufe min ido.

A Kwadon wani bawan Allah ya naɗa wa fulogin siririyar wayar tagulla ya murɗa, ya ce za ta kai ni gida. Ta kai ni Liji. Nan fulogin ya yi tsalle ya fice, na ji ƙara kamar an harba bindiga, sai fat-fat-fat, ga warin fetur ya cika gaban mota. Na kashe ta don kada ta kama da wuta. Shinkafar wata mota aka juye wa, ni kuma aka jawo ni cikin Gombe da igiya, ina kallon kuɗin lodina yana wuce ni a titi.

Washegari na kai ta garejin wani dattijo da ya daɗe yana duba min ita. Ya haska ramin da tocila, ya daɗe bai ce komai ba.

“Ɗana, wa ya ɗaura wannan?”

“Ni ne, Baba.”

“Da sifana ka fara ko?”

Na sunkuyar da kai. Ya ce hanya biyu ce. Ko a sauke tof ɗin a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe, ga sabon gasket, ga kwanaki mota na zaune, ko kuma a yanka sabon tiredi tana nan a ɗaure, in dai zan yarda da kasadar ɓurɓushin alminiyam da ka iya faɗawa kan fistin. Aljihuna ne ya zaɓa min ta biyu.

Na tsaya a kansa har aka gama. Ya juya inji da hannu sai da bawul duka huɗun na silindar suka rufe, fistin kuma ya sauka ƙasa yadda taf, wato ƙarfen yanka tiredi, ba zai taɓa shi ba. Ya cika kwarmin taf ɗin da giris dam, ya sa shi a miƙe, ya yi zagaye ɗaya ya ɗan koma baya, ya sake ɗaya, ya fito da shi. Giris ɗin ya fito da ɓurɓushi yana walƙiya kamar kwalliyar amarya. Ya goge, ya sake cikawa. Ban ƙirga sau nawa ba, amma an kira azahar yana kai. Ni da na ƙi ba inji rabin awa ya huce, ga ni zaune kan tsohuwar taya wuni guda.

Abin da ya sa a ramin wani ɗan bututun ƙarfe ne mai tiredi ciki da waje, cikinsa milimita 14 daidai fulogi. Akwai mai kama da sifirin da ake kira Helicoil, amma Baba ya ce ya sha ganin irinsa ya biyo fulogi waje ranar canji. Ya auna tsawon da tiredin fulogina, milimita 19, domin idan bakinsa ya leƙa cikin silinda zai yi ja ya riƙa kunna mai kafin lokaci. Ya shafa masa jan gam mai jure zafi, ya ɗaura. Kafin nan ya busa ramin da iska sau da yawa, bayan gam ya kama kuma ya sa na buga sitata ba fulogi, sauran ƙurar ta fice.

Da aka zo sa fulogi sai ya miƙo min guntun tiyo na roba.

“Ungo, kai za ka sa. Cusa kansa a nan ka murza da yatsa. In ya karkace, tiyon ne zai zame, tiredi ba zai ji komai ba.”

Na murza, ya tafi sumul har ƙasa. Sannan ya ba ni sifana ya ce rabin zagaye kawai tunda wasarsa, wato zoben da ke wuyan fulogin, sabuwa ce, yana riƙe da gwiwar hannuna kamar mai koya wa yaro rubutu, yaran gareji suna ta dariya. Mota ta tashi bugu ɗaya. Na kasa kunne ko zan ji ƙarar wani abu a kan fistin, shiru.

Guntun tiyon yana nan ƙarƙashin kujera tare da fulogin da ya yi tsalle a Liji, har yanzu da zaren alminiyam naɗe a haƙoransa.