Saƙon godiya daga iyalan marigayi yayanmu, tare da bayani a kan kuɗin jinya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin mahaifiyarmu, da matan marigayi da 'ya'yansa, da sauran dangi na Gombe da Kumo, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga lokacin da yayanmu ya kwanta jinyar ciwon dajin hanta har zuwa ranar da Allah Ya karɓi abinSa. Waɗanda suka halarci jana'iza, da waɗanda suka zauna makoki tare da mu, da waɗanda nisa ya hana zuwa suka yi ta'aziyya ta waya, Allah Ya ba kowa lada. Muna godiya ta musamman ga abokan sana'arsa na kasuwar Tudun Hatsi, waɗanda suka riƙe masa rumfa yana kwance, suna auna masara da wake da sunansa, suna aiko wa gidansa da cefane ba tare da an roƙe su ba. Haka kuma likitoci da ma'aikatan jinya na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, waɗanda duk lokacin da ruwa ya cika masa ciki har numfashi ya yi masa wuya, sukan zuƙe shi ya samu ya yi barci.

Akwai amanar da ya wajaba mu yi bayaninta a fili, domin a fili aka tara ta. Jama'a da dama sun ba da gudummawa bisa niyyar a fitar da shi waje a sa shi cikin gwajin wani sabon magani da ake haɗawa da ƙwayar bairos, amma tafiyar ba ta yiwu ba, kuma haƙƙinku ne ku san dalili.

Mun kai labarin maganin wurin wani likitan hanta, wanda ya zaunar da mu bayan ya tashi daga aiki ya warware mana zare da abawa. Ya ce maganar ba ƙarya ba ce. Masana suna ɗaukar bairos su sauya masa halitta ta yadda zai fi iya hayayyafa a cikin ƙwayoyin daji, ya fasa su, sannan fashewar ta farkar da garkuwar jiki ta gane ƙarin a matsayin abokin gaba. Galibi da allura ake zuba shi kai tsaye cikin ƙarin ana kallo ta na'urar hoton ciki, kuma zazzaɓi da ciwon jiki irin na mura sukan biyo baya. A 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan magani mai suna T-VEC, sai dai na wani dajin fata ne, ba na hanta ba.

A ɓangaren hanta, wanda ya fi yin suna shi ne Pexa-Vec, da aka gina a kan bairos ɗin da aka yi amfani da shi wajen rigakafin agana. A wani ƙaramin gwaji na mutum 30 da aka wallafa a 2013, matsakaicin tsawon ran da waɗanda aka ba maganin da yawa suka yi bayan fara shi ya kai kimanin wata 14, na waɗanda aka ba kaɗan kuwa bai cika wata 7 ba. Wannan sakamako ne ya sa aka shiga babban gwaji inda aka haɗa shi da maganin sorafenib, amma a 2019 aka dakatar da shi saboda babu alamar zai ƙara wa marasa lafiya tsawon rai. A 2025 kuma masu bincike a ƙasar Sin suka fitar da sakamakon matakin farko na wani mai suna VG161, wanda aka gina a kan bairos ɗin da ke fito da ƙuraje a leɓe. Da alama labarin wannan ne ya zagayo har ya iso wayoyinmu, bayan an cire masa kalmomin "matakin farko", alhali a wannan mataki abin da ake fara dubawa shi ne ko jiki zai iya jure maganin da kuma yawan da ya dace a bayar.

Abin da ya yanke maganar shi ne halin da yayanmu yake ciki. Irin waɗannan gwaje-gwaje sukan ɗauki waɗanda hantarsu ke da sauran ƙarfi, shi kuwa a lokacin shawara ta riga ta rina masa idanu, ƙafafu sun kumbura, zama a kujera ma sai an tallafe shi. Likitan ya kuma ja kunnenmu game da wani dillali da ya nemi mu tura kafin alƙalami don ya kama mana gurbi, ya ce a bisa al'ada masu gwaji na gaskiya su ne ke ɗaukar nauyin maganin da suke gwadawa, kuma likita ne ke tura bayanan majinyaci. A ganina faɗin wannan gaskiya mai ɗaci ya fi kowace gudummawa nauyi, domin har an fara cinikin gonar gado. Marigayi da ya ji bayanin, da bakinsa ya ce a bar gonar, a bar shi kusa da Inna.

Likitan bai sallame mu ba sai da ya nuna mana tushen ciwon, wato ciwon hanta nau'in B, wanda kan zauna a jiki shekaru ba tare da wata alama ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da shi. Bisa shawararsa duk gidanmu muka yi gwajin jini. Waɗanda ba su da shi sun fara allurar rigakafi, waɗanda aka samu da shi kuma suna ganin likita, an ɗora wasu a kan tenofovir, maganin da ke danne ƙwayar cutar, an kuma ba wasu umarnin yin hoton ciki da gwajin jini duk wata 6. Jaririyar da aka haifa mana muna tsakiyar jinya an yi mata allurar farko a ranar da ta zo duniya.

Game da kuɗin, wani kaso ya tafi a magungunan rage raɗaɗi da ƙarin jini da kuɗin gado, kuma rasit ɗin komai yana nan a ajiye. Ragowar tana hannun baffanmu tare da littafin da aka rubuta sunan kowa da abin da ya bayar. Duk wanda ya bayar da niyyar tafiya waje kuma yake son a mayar masa da nasa, ya zo ya karɓa, babu kunya a ciki. Abin da masu shi suka yafe, dattawan gida sun tsayar a biya bashin da ake bin marigayi da shi, saura kuma a sa a karatun marayunsa. Wanda yake bin sa bashi, ko shi marigayin yake bi, muna roƙon ya samu baffa a gida bayan sallar la'asar kafin a zauna rabon gado.

Wassalam.