Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Turmin da Ladi ta ɓoye

"Araha ba ta ado," haka Inna, Allah ya jiƙanta, take cewa duk sanda ta ga zane ya koɗe a igiya. Da wannan magana na shiga masaƙa a Garwa ta Kamaru, ina tsaye kan injin zare, ƙurar auduga har cikin gashin hanci. Audugar ƙasarmu ce, mu kaɗa, mu saƙa, a kai Duwala a buga mata zanen atamfa. Ranar albashi mai nama ma da kansa yake gaishe ni.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Albashi yana nan yadda yake a takarda, amma a kasuwa ya rame. Mun daure, tunda inji bai tsaya ba.

Atamfar Caina ce ta gama da mu. Zanenmu sak, an kwafe, ana shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, ga dilolin gwanjo a gefe. Aka fara soke aikin dare, sai kuɗin ƙarin lokaci, sai aka koma ɗaukar yara aikin wucin gadi. Yaya Sani ya dawo daga Kaduna yana ba mu labarin masaƙun Kakuri da aka garƙame, muka yi ta yi masa jaje kamar mu ba mu da gemu.

Shi wannan Yaya Sanin, da ya ci tuwon gidana wata bakwai, shi ne yanzu mai rumfar atamfar Caina a babbar kasuwa, har ya sauke farali. Ban ce komai ba. Bara ma a ɗaurin auren 'yata Hadiza ya wuce ni a mota, wai bai gan ni ba.

Sati biyu bayan an sallame ni, ina neman takardar asibiti a akwatin matata Ladi, na ci karo da sabon turmi a ƙasan kaya. Ina shafawa na gane na Caina ne, don hannuna ya san zarenmu. Na ce, "Ladi, har da ke?"

Ta ce, "Malam, kuɗin naku guda ya saya wa yara uku na Sallah. Ko Inna ce sai ta saya."

Na buɗe baki in maimaita maganar Inna, sai idona ya sauka kan Hadiza, zanenta ya yage a gwiwa. Na mayar da turmin, na rufe akwatin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda na fara acaɓa da babur ɗin aro.