Birkin injin juya eriya ya cinye, ga yadda na gyara nawa

Ƴan uwa masu rediyon amato, wato masu magana da juna ta rediyo don sha'awa, a nan Yamai, mu ƴan 5U (farkon alamar kiran rediyo ta Nijar), in ka ga eriyarka tana ta yawo da kanta duk sanda iska ta taso, ka saita ta arewa da safe ka tarar ta koma gabas, to mai yiwuwa birkin injin juya ta ne ya mutu. Injin Ham IV na kamfanin Hy-Gain shi ƙarfe ne ke shiga cikin haƙora ya kulle, wannan daban ne. Injin irin CD-45 kuwa, wanda nake magana a kai, birkinsa gugayya ce kawai, ɗan faifai ne ke danne moto in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, kuma ƙurar hunturun nan da zafin watan Afrilu ba sa raga masa, sai ya siɗe ya yi sulɓi kamar tangaran.

Kafin ka kwance injin ka sa alama da fenti a jikin murfin sama da na ƙasa, ka kuma shimfiɗa tsumma don ƙwallayen boris ɗin zubowa suke, in ɗaya ya shige rairayi sai dai haƙuri. Na kankare tsohon faifan birkin, na goge wurin da alkol, na yanko sabo daga irin abin gasket da makanikai ke amfani da shi, na manna da gam mai jure zafi na bar shi ya kwana. Kaurin ne abin lura fa, in ya yi yawa moto zai ta gurnani bai juya ba.

Giris kuma boris da haƙora kaɗai, ko ɗigo kar ya taɓa birkin. A gwada shi a ƙasa tukuna kafin a hau ƙarfen eriya.